Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya ƙetare gadar Kaduna ya nufi Kakuri zai tarar da manyan gine-ginen masaƙu sun yi tsit. A nan ne gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo sahu. Dubban mutane suka baro ƙauyuka suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa don cin albashi. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe, a 2007 kuma UNTL ta sallami ma'aikatanta. Kowa yana kukan masaƙun nan, amma akwai wata hasara da ta riga wannan, wadda ba mai yi mata makoki.

Kafin zuwan inji, gidan Bahaushe shi ke tufatar da kansa. Maigida ya noma auduga, uwargida ta gurje ta fid da gurya, ta shiɓe, ta ɗauki mazari ta kaɗa zare. Masaƙi ya saƙa fari, marini ya rine da baba. Haka kuma daddawa daga kalwa take, mai da ƙuli-ƙuli daga gyaɗa, sabulun salo daga toka, tabarma daga kaba, hatsi kuwa yana rumbu. Mace mai kaɗi tana da taro da sisinta, ba ta jiran ƙarshen wata.

Da akoko da atamfar kanti suka yi araha, sai aka jingine mazari, 'ya'ya suka tashi ba su iya ba. Da rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da yadin fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙu, sai muka wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Yau yawancin atamfar da ke kasuwa daga ƙasar Sin take zuwa.

Wani zai ce ai wannan kiran komawa baya ne, mazari ba zai tufatar da birni kamar Kaduna ba. Gaskiya ne, ba zai iya ba. Amma sana'ar hannu ita ce madogarar gida ran da albashi ya yanke. Turawan ma da suka kawo mana inji ba su yar da nasu ba. A yankin Donegal na ƙasar Ayalan har yau ana saƙa ulu da hannu, ana sayar da shi da tsada a Turai da Amurka.

To, 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, gyaran a hannunmu yake. Idan an tafi hutu, a zauna gaban tsofaffi a koyi kaɗi ko saƙa tun suna raye. Mai albashi ya sayi gwado ko saƙi ko da sau ɗaya ne a shekara. Hukumomin ilmi kuma su raya aikin hannu a firamare, a ba shi maki kamar lissafi. In tsofaffin nan suka ƙare ba mu karɓa ba, wa zai koya wa na baya?