Kada Ka Kira Mutumin Ostiraliya Ba'amurke

A watan nan bari mu haye teku mu leƙa Ostiraliya, babbar ƙasar nan da ke can gindin taswira, kudu da Indonesiya. Mu nan in muka ji Bature yana Turanci sai mu ce duk ɗaya ne. To, in kana so ka ga mutumin Ostiraliya ya ɓata fuska, tambaye shi ko shi Ba'amurke ne.

Abin mamaki, Amurka ce sanadin zuwan Turawa su zauna can. Da, Ingila takan kwashi fursunoninta ta kai Amurka. Da Amurkawa suka yi shelar 'yancin kai a 1776 sai ƙofar ta rufe, kurkukun Ingila ya cika maƙil. A watan Janairu na 1788 jiragen ruwa 11 suka sauke fursunoni da masu gadinsu a inda birnin Sidni yake yanzu. Kafin a daina a 1868 an kai fiye da mutum 160,000, da yawansu laifinsu bai wuce 'yar ƙaramar sata ba.

Yaron Amurka a makaranta akan ba shi labarin masu ibada da suka shiga jirgin Mayflower a 1620 don neman inda za su yi sujada ba tsangwama, sai ya tashi yana ganin ƙasarsa zaɓaɓɓiya ce. Na Ostiraliya kuwa labarin sarƙa da bulala ya gāda. Da can ɓoyewa ake yi don kunya, amma yanzu mutum har murna yake yi in ya gano kakansa fursuna ne. A ganina daga nan suka samo ƙin mai cika baki. Suna da wata magana cewa furen da ya fi 'yan'uwansa tsawo shi ake sarewa. A Amurka in ka yi arziki ka faɗa, sai a tafa maka. A Ostiraliya sai abokanka su yi ta yi maka ba'a har ka sauko. Namiji in ya tare tasi shi kaɗai yakan zauna gaba kusa da direba, don kada a ce ya mai da shi bara. Ko ranar tunawa da sojojinsu, 25 ga Afrilu, ba ta nasara ba ce. A ranar ce suka sauka Galipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, inda suka rasa mutum fiye da 8,000, daga baya suka janye.

In gardama ta yi zafi, maganar bindiga suke kawowa. A 1996 wani mutum ya harbe mutum 35 a Port Arthur. Cikin 'yan makonni gwamnatin John Howard da jihohi suka yarda a tsananta doka, aka sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a aka lalata. Duk sa'ad da aka ji an yi harbi a wata makarantar Amurka, sai su girgiza kai. Sukan ƙara da cewa tun 1984 gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyar kowa a asibitinta, jefa ƙuri'a kuma dole ne tun 1924.

Sai dai fa shekarun da na yi ina koyarwa sun nuna mini yaro yana iya yin fahariya da cewa shi ba ya fahariya. Wannan Amurka da suke zolaya, ita suke jingina da ita. Da Japan ta matso a Disamba 1941, Firayim Minista John Curtin ya faɗa a fili cewa ga Amurka suka sa ido. Tun daga nan sun bi ta yaƙin Koriya, da Biyetnam, da Afganistan, da Iraƙi.

Laifi kuma tudu ne. Mai nuna wa Amurka yatsa kan yadda ta yi da baƙar fata, yana zaune ne a ƙasar mutanen da ake kira Aborijin, waɗanda suka yi shekara fiye da 50,000 a wurin kafin jiragen nan su iso. Har wajen 1970 hukuma tana raba 'ya'yansu da iyayensu da ƙarfi. Ba ni jin daɗin rubuta wannan, amma waɗansu yaran a gidajen mishan aka ajiye su. Ke uwa mai karanta wannan, ki dubi na bayanki. Sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya roƙi gafara. A 2023 aka tambayi jama'a ko a kafa wa Aborijin majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kashi 60 cikin 100 suka ce a'a. Ranar 26 ga Janairu, wadda ake hutu ana gasa nama a bakin teku don tunawa da saukar jiragen 1788, Aborijin da yawa da masu goyon bayansu kan fito titi, suna kiranta ranar mamaya.