Martani: Bututun Agadem ba na Sinawa kaɗai ba ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce jami'a ta tsaya ga allo da alli, a bar wa Sinawa duba bututun mai. Wannan magana ba ta yi ba.

Tun 2011 ɗanyen man Agadem ke gangarowa matatar SORAZ ta Damagaram cikin bututu mai tsawon kilomita 462. A 2024 wani bututun ya fara kai shi gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000. Ƙarfe ne binne cikin rairayi, tsatsa na cin sa daga ciki, ido ba ya gani. Na'urar da ake dubawa da ita 'yar'uwar wadda ake ɗaukar hoton cikin mai juna biyu da ita ce: ta tura sautin da kunne ba ya ji, ya daki bangon bututu ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka a gane kaurin da ya rage. Wane ɓangare ne a nan ya fi ƙarfin ɗan Yekuwa ko Dungass da ya karanta kimiyya a Jami'ar André Salifou?

Abin da ya rasa na'ura ce da izinin shiga fili, kuma kamfanin Sinawa na CNPC na da su. Gwamnati ta sa horas da ɗalibanmu cikin sharuɗɗan kwangila.