Sharhi: Agogon da ke cikin tsohuwar kwamfuta



A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur mai aiki da manhajar DOS, kuma babu agogo mai batir a cikinta. Duk sanda aka kunna ta sai ta tambayi kwanan wata da lokaci. Wanda ya yi ƙyuya bai rubuta ba, a wurinta ranar 1 ga Janairun 1980 ce.

Bayan an gaya mata, da ƙirge take riƙe lokacin. Akwai wata 'yar na'ura a ciki mai lamba 8253 da ke katse wa ƙwaƙwalwar kwamfutar aiki sau 18.2 a kowace daƙiƙa. Kamar tela ne da aka yi wa sallama yana tsakar ɗinki: ya soke allura inda ya tsaya, ya amsa, ya dawo ya ɗora. Haka ƙwaƙwalwar ke adana inda ta kwana, ta ƙara ɗaya a kan lissafin, ta koma bakin aiki. Wata na'urar kuma, 8259, ita ke tsara wa za a fara saurara idan kira ya haɗu. Agogo ne a gaba, madannan rubutu na biye.

Me ya kawo 18.2? Neman sauƙin kuɗi. Injiniyoyin sun yi amfani da wata irin ƙanƙarar dutse mai karkarwa da ta dace da talabijin mai kala ta Amurka, domin tana da araha a kasuwa. Tana bugawa sama da sau miliyan 14 a daƙiƙa. Aka raba da 12, aka sake rabawa da 65,536, abin da ya rage ke nan. Dabara ce, kuma a ganina ta cancanci yabo.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakar dare. Idan ƙirgen ya kai 1,573,040, sai ya koma sifiri, a ɗaga wata alama cewa gari ya juya, DOS ta gani ta ƙara kwana ɗaya. To amma a kwamfutoci da dama alamar "e" ko "a'a" kawai ta sani, ba ta san dare nawa ya wuce ba. Ma'aikaci ya bar kwamfuta a kunne daga Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar kwanan watan ya tsaya a baya. Da alama masu ƙirar sun ɗauka kowa zai kashe na'urarsa kafin ya tashi daga ofis, kuma nan ne suka yi sakaci. Masu wasannin kwamfuta ma sun ƙara dagula lamarin, don sukan ƙara wa 8253 sauri, idan ba su daidaita lissafin ba agogo ya yi ta zura gudu.

A 1984 IBM ta saka agogo mai batir a samfurin AT. Duk da haka, lokacin kunnawa ake duba shi, daga nan DOS ta ci gaba da dogaro da ƙirgenta na 18.2.