RA'AYI: Wasan Japan ya iso Azare, labarinsa ya tsaya a hanya

A hutun Babbar Sallah na je gida Azare. Wata rana da la'asar na bi sawun ɗan yayata zuwa shagon gem da ke bayan layinmu, saboda mahaifiyarsa ta kawo mini ƙarar cewa can yake wuni. Shago ne irin wanda kowa ya sani: janareta na ruri a bakin ƙofa, talabijin uku a jikin bango, samari sun cika benci suna buga ƙwallo a PlayStation. A can kusurwa na tarar da yaron namu yana wani wasa daban. Jarumi ne mai takobi a bayansa, ya shiga fada, sarki na yi masa magana, rubutu na fitowa a ƙasan allo, shi kuwa sai danna maɓalli yake yi da sauri don rubutun ya wuce.

Na ce masa, "Me sarkin ya ce maka?" Ya ce, "Kawu, ai Turanci ne, kuma da yawa. Ni faɗan nake jira."

Wasan nan Dragon Quest XI ne, na kamfanin Square Enix da ke Japan. Yana cikin jinsin wasannin da ɗan wasa ke shiga rigar jarumi, ya bi gari gari, ya yi magana da mutane, ya karɓi aike, ya sayi makami, ya ƙulla abota, har ya kai ƙarshen labarin bayan sa'o'i masu yawa. Ƙashin bayan irin wannan wasa shi ne labari, kuma labarin da karatu ake bin sa. Wanda bai ji abin da aka ce ba, kamar wanda ya je kallon wasan kwaikwayo ne ya toshe kunnuwansa. Wannan ne dalilin rubutuna, kuma ga ma'aikatan Abuja da mataimakan manya nake son ya isa, domin a tebur ɗinku ake tsara takardun da ke zama manufa.

Fitar da irin wannan wasa daga Japan zuwa ƙetare aiki ne babba. Dragon Quest na farko ya fito a Japan a 1986, bai isa Amurka ba sai 1989. Kafin ya isa, an sauya masa suna zuwa Dragon Warrior saboda akwai wani wasa mai irin sunansa a can, an zuba maganganunsa cikin Turanci irin na mutanen da, an kuma gyara yadda ake ajiye inda mutum ya tsaya. Duk da haka bai karɓu yadda aka zata ba, har kamfanin Nintendo ya riƙa raba shi kyauta ga masu biyan kuɗin mujallarsa. Turai kuwa sai a 2006 ta samu nata na farko. Shi ma Final Fantasy haka ya sha fama: kashi na huɗu ya fito a Amurka a 1991 da sunan kashi na biyu, domin biyu daga cikin na baya ba su ƙetara ba a lokacin.

Wanda ɗan yayata ke bugawa ya fito a Japan a watan Yulin 2017, ya isa ƙasashen Yamma a Satumban 2018. Fiye da shekara guda ke nan ana fassara da gyara, har aka ɗora masa muryoyin 'yan wasa da Turanci, abin da na asalin ma ba shi da shi. Zuwa 14 ga Nuwamban 2024, ranar da aka sake fitar da Dragon Quest III cikin sabon zubi, tazarar ta ɓace: rana ɗaya ya fito a Japan da Turai da Amurka, da Turanci da Faransanci da Jamusanci da wasu harsunan. Babu Hausa a ciki, babu wani harshe na Afirka ta Yamma.

Abin lura shi ne, a wurin fassarar nan ake yanke hukuncin abin da zai shiga idon yaro da abin da ba zai shiga ba. A shekarun 1990, reshen Nintendo na Amurka ya riƙa cire alamomin addini da ambaton giya daga wasannin Japan, mashaya ta koma wurin shan shayi, coci ya koma gidan warkarwa, don kada iyayen Amurka su yi fushi. A Oktoban 2008, kamfanin Sony ya ɗage fitar da wasan LittleBigPlanet a duniya baki ɗaya, ya janye fayafayan da aka riga aka raba wa 'yan kasuwa, saboda an gano cewa wata waƙar Toumani Diabaté, makaɗin nan na Mali, da aka saka a ciki tana ɗauke da lafuzzan Alƙur'ani. Kamfanonin nan suna sauraron kasuwar da ke da baki, kuma suna yi mata gyara.

Saudiyya misali ce da ya kamata mu duba da kyau. A 2001 malamanta sun haramta Pokémon. Shekaru sun shuɗe, yaran ba su daina wasa ba, sai ƙasar ta canza salo. Ta kafa tsarin tantance wasanni bisa shekarun mai wasa, asusun jarinta ya sayi hannun jari a Nintendo da ya haura kashi 8 cikin 100 a 2023, kuma manyan wasanni da dama yanzu suna fitowa da Larabci. A shekarar ce hukumarta ta ƙi ba Final Fantasy XVI izinin shiga kasuwa, bisa dalilin cewa kamfanin ya ƙi yin gyaran da aka nema. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, an yi magana da su kafin kaya su shigo. Mu kuwa faifai ne ke zuwa daga Legas ko Kano, ko a sauke shi ta intanet, ɗauke da alamar shekaru ta Turai ko ta Amurka wadda uwa a Azare ba ta san ma'anarta ba.

Na san abin da wani abokin aikina zai ce. Zai ce mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro da rashin wuta, wa ke ta wasan yara? Wani kuma zai ce maganin abin shi ne a rufe shagunan, tunda suna ɗauke hankalin yara daga makaranta da Islamiyya, wasunsu ma sun zama ƙofar caca. Damuwar gaskiya ce, ita ce ma ta kai ni shagon. Su ma Japanawa sun ɗanɗana: ranar da Dragon Quest III ya fito a Fabrairun 1988, an sayar da fiye da miliyan ɗaya, kuma 'yan sanda sun kama ɗaruruwan ɗalibai da suka gudu daga makaranta suka shiga layi. Amma idan an rufe shago a yau, wasan yana cikin wayar da ke aljihun yaron, inda babu babba ko ɗaya da ke gani. Gara shagon da ke da ƙa'ida da ɗakin da ke da duhu.

Batun cewa wasan yara ne kuwa, gwamnatin Japan ba haka take kallonsa ba. A ƙididdigarta, abin da ƙasar ta samu a ƙetare daga wasanni da zane mai motsi da littattafan zane da makamantansu ya kai yen tiriliyan 4.7 a 2022, adadin da take kwatantawa da abin da ƙarafa ko ƙananan kayan lantarki ke kawo mata. A 2024 ta sa wa kanta burin kai shi yen tiriliyan 20 nan da 2033. Wani yanki na wannan kuɗi yana tafiya ne ga masu fassara da masu murya da masu gwada wasa a harsunan da aka zaɓa.

Wannan sana'a kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekarun 1930, ofishin talifi na Zariya ya tara malamai don samar da littattafan Hausa. Abubakar Imam ya ɗauko tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fadar Bahaushe cikin Magana Jari Ce, har yau da yawa daga cikinmu ba su san baƙi ba ne. A zamaninmu, ɗakunan ɗaukar murya na Kano irin su Algaita sun mayar da finafinan Indiya Hausa, suka kafa kasuwa da kansu, har tsohuwa a ƙauyen Madara tana bin labarin. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016. Gwanintar tana nan, masu saurare suna nan daga Azare har Maraɗi. Abin da ya rage shi ne wanda zai ƙulla su da wannan sabuwar kasuwa.

Don haka ga abin da nake ba da shawara, kuma babu wanda ke buƙatar sabuwar hukuma.

Na farko, Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta fitar da bayani da Hausa a kan alamomin shekaru da ke jikin wasanni, a karanta a rediyo, a manna a shaguna. Ƙananan hukumomi su sa wa shagunan gem sharaɗi mai sauƙi: ba yaro mai kayan makaranta a lokacin karatu, ba caca, ba wasan manya a hannun ƙananan yara.

Na biyu, shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa, wanda aka soma a 2023 da burin horar da matasa miliyan uku, ya buɗe ƙofa ga fassarar manhaja da wasanni. Cikin tazara kaɗan akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. A haɗa ɗaliban harshe da na kwamfuta a ɗaki ɗaya, su fara da tsara jerin kalmomin wasa da aka amince da su, su kuma tabbatar ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai a allo. Ƙananan kamfanonin wasa na duniya sun fi saurin amincewa da fassara mai lasisi idan aka je musu da aikin da ya kammala.

Na uku, ma'aikatar da aka kafa a 2023 domin al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira ta ware ƙaramin tallafi na gasa ga wasa mai labarin gida. A Kamaru, ƙaramin kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan shiga rigar jarumi da aka gina a kan al'adun Afirka, aka sayar da shi ga duniya ta intanet. Yawunde ba ta fi Kano masu basira ba.

Labarin da za a zuba a ciki kuwa muna da shi har ya yi yawa. Baƙon da ya biya ta Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, ya isa Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, ya girme wa duk jaruman da Japan ke sayar mana. A ƙasar Katagum akwai Shira da duwatsunta masu zanen mutanen da, akwai birnin da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, akwai ayarin fatake tsakanin Borno da Kano, hanyar da Clapperton ya biyo a Janairun 1824, abokin tafiyarsa Oudney ya rasu a Murmur. Yaro zai iya zama ɗan ayari, ya koyi ciniki da riƙon amana da sunayen garuruwan kakanninsa yana cikin wasa. Wasu mutanen tarihin namu darajarsu ta wuce a mayar da su abin dannawa, kuma wannan iyaka masarauta da malamai ne za su shata ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ba mu yi da hannunmu ba, wata rana wani zai yi mana daga nesa, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kafin in baro Azare na sake komawa shagon, na zauna kusa da ɗan yayata, ina karanta masa abin da ke fitowa ina mayar masa da Hausa. Da muka zo inda aka jefa jarumin a kurkuku bisa zargin da bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ya ajiye abin dannawa a cinyarsa. Samari biyu suka bar ƙwallonsu suka matso. Ya ce, "Kawu, ashe zaluntarsa aka yi? To sai me ya faru?"

Ni na dawo Abuja bakin aiki, shi kuma ya koma danna maɓalli. Amsar tambayarsa tana hannun waɗanda ke rubuta kasafi da manufa a wannan birni. Allah ya sa su ji.