Uba Ya Riƙe Ƙafar Ɗansa

Jama'a, a 1962 ne talabijin na BBC ya soma nuna wasan ban dariya mai suna Steptoe and Son, wanda Ray Galton da Alan Simpson suka rubuta. Tsoho Albert da ɗansa Harold masu sayen tsummokara da tsofaffin ƙarafa ne a Landan, kullum cikin cacar baki suke. Da zarar Harold ya yunƙura zai yi aure ko ya bar gida, sai tsohon ya langaɓe da ciwon ƙarya. Haka aka yi ta fama har 1974.

To, kula da mahaifi wajibi ne. Amma uban da tsoron kaɗaici ya sa ya tauye ɗansa, lalle ya cuce shi. Iyaye, a yi hattara.