Wahala daban, horo daban

A bazarar da ta wuce, wani yaron unguwarmu a Sabon Garin Gusau, mai shirin neman aikin soja, ya kwana huɗu a gadon asibiti. Mai horar da su ne ya sa su gudu da tsallen kwaɗo da rana tsaka, kwana biyar a jere, kuma duk wanda ya nemi ruwa a kira shi rago. A rana ta shida fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Likita ya ce tsokar jikinsa ce ta farfashe, dattinta ya bi jini ya kusa kashe ƙoda. Da na je dubiya, na tarar da mahaifinsa yana ba shi baki da cewa ai haka ake zama namiji.

Wannan maganar ce nake jayayya da ita. Mun ɗauki wahala mun sa mata suna horo, har ya zama kocin da yaransa suka fi faɗuwa shi ake ganin ya fi iya aiki.

A dubi waɗanda dogon gudu ya zama sana'arsu. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Vienna a 2019, yana gudun kusan kilomita 200 a mako, amma mafi yawansa sassarfa ce wadda mutum zai iya hira a cikinta. Masanin motsa jiki Stephen Seiler, da ya bibiyi atisayen manyan 'yan tsere, ya tarar kusan kashi 80 cikin ɗari na aikinsu mai sauƙi ne, mai tsananin kuwa ɗan kaɗan, kuma hutu na biye da shi. Dalilin a fili yake: gudu yana ɓarnata tsoka, barci da abinci ne suke gyara ta har ta fi da ƙarfi. Wanda ya hana jiki hutu ya biya kuɗin gini ne ya kori magini.

Ita gajiyar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta ƙarewar sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wadda kan kama mai gudu a wajen kilomita 30. Maganinta abinci ne a kan hanya, shi ya sa masu tseren Comrades na Afirka ta Kudu, mai kusan kilomita 90, suke ci suna sha suna gudu, da yawansu ma suna hawa tudu da tafiya ba tare da jin kunya ba. Akwai kuma ta zafi, wadda ta fi shafarmu. A Maris da Afrilu zafin Gusau kan haura digiri 40. Jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin ya saba da aiki a cikin zafi, sannu a hankali, kuma idan zafin cikinsa ya wuce digiri 40 ƙwaƙwalwa kan rikice, rai na iya salwanta. Farfesa Tim Noakes yana ganin ƙwaƙwalwa ce da kanta take taka wa mutum burki kafin ya illata kansa. Masana ba su gama muhawara a kan ra'ayinsa ba, amma ko da rabinsa ne gaskiya, me za a ce da yaron da ya haɗiyi tramadol don kada ya ji gajiya? Ya cire burki ne a gangara. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.

Na san abin da za a ce: kakanninmu sun taka har Gwanja da ƙafa, ba su san wani Seiler ba. Gaskiya ne, kuma hujjar tawa ce. Ayarin fatake da asuba yake tashi, kafin rana ta take an yada zango. Madugun da ya kori jama'arsa cikin garjin rana don a ce shi jarumi ne, da wa zai kai goro Kano? Ilimin auna ƙarfi namu ne tun fil azal, mu muka yar da shi.

Tun da aka dawo da gudun famfalaki na Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, 'yan gida da ke taɓukawa kuma yawancinsu daga Filato suke. Ba ƙafafu muka rasa ba. Haƙiƙa rashin tsaro ya takura mu; hanyar Tsafe da ta Bungudu ba wuraren da uba zai bar ɗansa ya fita gudu da asuba ba ne, dutsen Kwatarkwashi kuma, da ya isa zama makarantar hawan tudu, sai dai kallo daga mota. Wannan ba laifin koci ba ne. Amma zaɓen ƙarfe ɗaya na rana, da hana ruwa, da rashin ranar hutu, laifinsa ne shi kaɗai, kuma ya kamata iyaye su tambaye shi a ina ya koyo, kafin su miƙa masa ɗa da kuɗin wata.

Yaron nan bai samu zuwa tantancewar ba, likita ya hana shi gudu na wata uku. Kocin yana nan a filinsa, da sababbin yara.