Ingila: Wa ke horar da masu horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a?

A Ingila, ɗalibin da ke son zama ma'aikacin jin daɗin jama'a sai ya shafe kwanaki 200 yana koyon aiki a aikace, akasari a ƙananan hukumomi ko ƙungiyoyin agaji, kafin a yi masa rajista.

Gogaggen ma'aikacin da ke sa masa ido a wannan lokaci shi ne ke ba da shawarar ko ɗalibin ya cancanci a damƙa masa amanar yara da tsofaffi da masu taɓin hankali.

Darasin baya

Ƙasar ta ga illar raunin wannan aiki. A shekara ta 2000 Victoria Climbié, 'yar shekara takwas daga Ivory Coast, ta mutu a Landan sakamakon azabtarwa, duk da cewa hukumomi sun san da ita. A 2007 kuma Peter Connelly, ɗan watanni 17, ya mutu a irin wannan hali.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun tsaurara horon ɗalibai, kuma a yanzu akwai ƙa'idoji masu matakai biyu ga masu sa musu ido, waɗanda ke hannun ƙungiyar ma'aikatan ta Birtaniya, BASW.

Nauyi biyu

Sai dai takardar shaida kaɗai ba ta isa ba. Galibinsu suna haɗa koyarwa ne da nasu aikin na yau da kullum, kuma sau da yawa ba a rage musu yawan iyalan da ke hannunsu.

Babban ƙalubalen shi ne ka da ɗalibin da ya gaza. Yin haka na buƙatar tara hujjoji a rubuce da zaman sauraron ƙorafi, don haka wanda ba shi da goyon bayan jami'a da shugabanninsa kan iya kau da kai.

Abin da suke buƙata a bayyane yake: lokaci na musamman, alawus mai tsoka, ƙarin horo akai-akai, da wanda za su kai wa kukansu.

Tun watan Disamban 2019 hukumar Social Work England ke yi wa ma'aikatan rajista. Amma ƙananan hukumomin da ke fama da ƙarancin kuɗi da ma'aikata su ne ke da ikon rage wa masu horarwar nauyi, kuma a can ne za a gane ko gyaran ya yi tasiri.